Shekara Tara a Bayan Katangar Matefo

To, tun da kun dame ni, ku matso kusa, muryata ba ta kai ƙofa yanzu. Ntate Lebusa kuke tambaya, wato Baba Lebusa, wannan da kuka ce sunansa na jikin littafinku na makaranta. Abin da ke cikin littafin ku kuka sani, ni ba a kai ni makaranta ba. Amma mutumin garinmu ɗaya, Ha Motau, can kan dutse. Abin da littafin ba zai gaya muku ba kuwa, shekara tara ya yi yana zuwa yana tsayuwa a bayan katangar matar da ta shayar da shi, yana jiran ta ce masa ya shigo.

Mme Matefo ke nan, wato Inna Matefo, matar wan ubansa. Uwar Lebusa ta rasu yana wata huɗu. Ubansa kuma ya tafi aikin ramin zinariya a ƙetaren kogi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Lokacin Matefo na goyon ɗanta Tefo, sai ta ɗauki marayan ta haɗa. Nonon dama na Tefo, na hagu na Lebusa. Takan ce Tefo in ya sha sai barci, wancan kuwa yana sha yana harbin iska da ƙafa, kamar ana jiransa a wani wuri.

Haka ya tashi, gindi kamar an shimfiɗa masa ƙaya. A wurinmu 'yan mata ake kaiwa makaranta, maza kuwa sai bin tumaki har ƙashinsu ya yi ƙwarin tafiya rami. Tefo ya bi tumaki lafiya lau. Lebusa kuwa sai ya bar garke a gangare, ya je ya tare 'yan mata a hanyar dawowa. Ya gasa tsuntsu ya ba yarinya, ita kuma ta zana masa baƙi ɗaya a ƙasa. Tsuntsu ɗaya, baƙi ɗaya. Sai da ya kusa ƙarar da tsuntsayen kwarin nan. Ran nan aka ƙunso sukari a yagaggiyar jarida, ya ɗauke takardar ya hau dutse da ita, yana haɗa baƙaƙe har rana ta karkata. Kafin ya ɗago kai dila ya yi gaba da 'yan raguna biyu. Mijin Matefo ya ɗauko bulala, ita ta shiga tsakani. Ta ce wannan yaro ba makiyayi ba ne, in aka bar shi da tumaki sai ya ƙarar da su, gara a kai shi inda ɓarnarsa ba za ta wuce alli ba.

Yana da shekara goma sha biyar ya shiga aji ɗaya, cikin 'yan mata ƙanana, gwiwoyinsa sun fi tebur tsawo. Tefo in ya gan shi da allo a hammata sai ya ce, "Ina kwana, 'yan mata? Yaushe za a kawo shanun aurenki?" Shi kuma ya ce masa ya bari dai, ranar da zai so aika wa budurwa wasiƙa zai zo da kansa yana sosa ƙeya. Haka kuwa aka yi. Matar da Tefo ya aura, da bakin alƙalamin Lebusa aka shawo kanta.

Daga nan in na ce zan lissafa muku wuraren da ya yi aiki, sai tuwon nan ya huce. Ya fara a wurin buga littattafai na wasu masu bishara, yana wanke tawada a jikin inji. Aka ga idonsa na kama kuskure, aka ba shi duba rubutu. Shekara biyu, sai wani Bature ya rubuta littafi da harshenmu, harshen yana ɗingishi kamar mai tafiya da takalmin aro. Lebusa ya miƙe masa shi tas. Aka ce wa ya aike shi. Ya ɗauki bargonsa ya fita, bai ko tsaya cin abincin rana ba. Ya bi Tefo ƙetare zai shiga rami, likita ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa ya ce wannan ai kara ne, ba zai ɗauki shebur ba. Sai aka ajiye shi a ofishin barikin ma'aikata yana rubutu. Ranar Lahadi mutane su yi layi yana rubuta musu wasiƙun gida.

A nan ya ga abin da ya tsaya masa a maƙogwaro har ya mutu. Kowane mutum da lamba ɗaure a wuyan hannu. In dutse ya faɗo wa mutum, lambar ake rubutawa, a ja mata layi, a binne shi a bayan bariki. Sunan da uwarsa ta raɗa masa ba mai tambaya. Lebusa yakan ce wataƙila haka aka ja wa ubansa layi, shi yana nan yana cewa uban ya gudu ya bar shi.

Ya dawo. Ya koyar a makaranta wata uku, ya ce bangon aji na matse shi. Ya rubuta wani ɗan littafi na labaran 'yan rami, siriri kamar ganyen masara, an ce har a Maseru, babban birni, an karanta. Shi ne Ntate Rantso ya neme shi. Rantso tsohon malami ne mai tumbi da agogon sarƙa, yana da tsohon inji a Mafeteng, yana fitar da jarida mai shafi huɗu duk Juma'a. Tana da suna, amma kowa takardar Rantso yake ce mata. Ya ɗora Lebusa edita, ya saya masa kujera mai juyawa. Kujerar nan kaza ta yi ƙwai a kanta, shi bai zauna ba.

A tsaye yake aiki, jan fensir a bayan kunne. Kuma yana da wata ɗabi'a. Duk abin da za a buga, sai ya kwasa ya fita tashar mota, wurin mata masu fanke da gasasshiyar masara, ya karanta musu da ƙarfi yana kai-komo a gabansu. In ya ga sun ci gaba da juya fanke ba su ɗago ba, ya ja layi. In wata ta ce me ya ce, ya ja layi. Su kuwa ba su raga masa. Mai-ƙaya suke kiransa.

"Mai-ƙaya, wannan mutumin naka har yanzu gaisuwa yake yi? Mai ya ƙone bai iso maganar ba."

"Babban malami ne fa, Mme, shugaban makaranta."

"Allah ya jiƙan yaran. Yanke shi daga wuya."

Malami ya kawo shafi shida, ranar Juma'a ya ga layi tara. Su zo ofis suna kumfar baki, ya ce musu su je tasha su yi ƙara, can alƙalan suke. Amma takardar ta shiga ko'ina. Mutanen da ba su san baƙi ba suka riƙa jiran ta, don in aka karanta musu ji suke kamar maƙwabci ne ke magana ta kan katanga. Motar Juma'a ta ɗauko ta, a sauke ƙunshi a kowane kanti, inda mota ba ta kai doki ya ƙarasa. A garinmu ranar Asabar ake karanta ta a bakin injin niƙa, mata na layi da buhunansu. 'Yar makarantar da ta fi kowa baki ita ke hawa kan dutse ta karanta. Matefo duk Asabar tana wurin, ko ba ta da niƙa. In an zo wurin da ya yi daɗi sai ta dubi ta kusa da ita ta ce, na hagu ne wannan.

Yanzu ku tsaya in gaya muku yadda ake kai mutuwa a wurinmu, don ku yaran yanzu waya kuke ɗauka ku jefa wa mutum ita a kunne yana tsakiyar kasuwa. Mu ba a faɗin mutuwa a hanya. Ba a faɗa wa mutum yana tsaye. Labari mai gari yake fara samu. Shi ya kira babban namijin gidan. A tara tsofaffin mata su riga shiga, kamar sun zo aron rariya, su zauna ɗaya a dama ɗaya a hagu da wadda abin ya shafa, a fitar da yara. Sannan maza su shigo da huluna a hannu, babban gidan ya buɗe baki. Ko a hanya ka haɗu da uwar mamaci, kana sane, gaisuwa za ka yi ka tambayi kaji ka wuce. Lebusa ya san wannan kamar yunwar cikinsa.

Shekara biyu bayan an ɗauke mana fam da sule an kawo rand, cikin sanyi, rami ya rufta a wata mahaƙa a ƙetare. Masu mahaƙar suka ce 'yan ƙalilan ne abin ya shafa, ba suna, ba adadi. Ranar Laraba wani mutum ya sauko daga jirgi ya zo ofis, ya cire takalminsa na roba, ya zaro takarda a ninke. Wani abokin Lebusa na ofishin bariki ne ya aiko. Sunaye goma sha bakwai, kowanne da garinsa. Na goma sha ɗaya Tefo, Ha Motau.

Wanda ke jera baƙaƙen dalma a lokacin ya ce Lebusa bai yi kuka ba. Zagaya injin ya riƙa yi, yana zagayawa, yana zagayawa, har shi mai kallon jiri ya kama shi. Rantso ya ce a dakata. Takarda za ta taso daga mahaƙa zuwa ofishin ɗaukar ma'aikata, daga can zuwa gunduma, daga gunduma zuwa masu gari. Mako uku, a bar ta ta bi hanyarta. Lebusa ya ce kafin mako uku an binne su a bayan bariki da lamba, a ce mutum uku ne. In sunaye suka fita duniya ta gani, dole a kawo gawa gida. Ya ce ba za a ja wa Tefo layi ba yana da rai. Da hannunsa ya jera sunayen, manya-manya, a shafin farko.

Wannan shafi kaɗai ne a duk aikinsa bai kai tasha ba. Da ya kai, da matan nan sun riƙe masa hannu tun a suna na farko. Amma idonsa na kan Turawan da za su gani su ji kunya. Ya manta wa ke karanta takardar a ƙauye, ya manta wa ke tsaye a layi.

Sai da motar Juma'a ta tashi da ƙunshi, ɗaya daga cikin matan ta ce masa, "Mai-ƙaya, yau ba ka kawo mana komai ba, me ka dafa a ɓoye?" Ya gaya mata. Ta ajiye matsamin fanke ta dube shi. Ta ce, an kai wa iyayensu? An ce nan ya tsaya kamar an dasa shi, karo na farko da aka ga ƙafafunsa biyu a wuri ɗaya. Sai ya zabura. Ya ari doki wurin wani ɗan sanda mai ritaya, ya bi hanyar dutse. Ƙanƙara ta rufe mashigi, dokin ya gurɗe, ya bar shi a wani ƙauye ya ci gaba da ƙafa.

Ni ina bakin injin ranar Asabar ɗin, da goyo a bayana. Wadda ke karatu a wannan shekarar ita ce Lineo, 'yar Tefo ta fari, shekararta goma sha ɗaya. Uwarta na layi, Matefo na gefe a tsaye da kwano a ka. Yarinya ta hau dutse ta buɗe takarda, ta fara da muryar nan ta 'yan makaranta mai hawa da sauka. Ita sunaye ta gani, ta ɗauka ko waɗanda aka ƙara wa girma ne. Tana karantawa tana jin daɗin bakinta. Ta karanta sunan ubanta da garinmu, ta wuce, ta karanta biyu a gaba, sannan ta kai ido ƙasa inda aka faɗi abin da ya same su. Sai muryar ta ɗauke.

Ba tabarma, ba wanda ke riƙe da kowa. A fili, cikin jakuna da ƙurar gari. Matar Tefo ta faɗi kan buhu. Matefo kuwa ba ta faɗi ba. Ta sauke kwanonta a hankali, ta je ta ɗauko yarinyar daga kan dutse, ta karɓi takardar ta ninke ta, ta kama hanyar gida.

Da la'asar ya iso, wando jiƙe har gwiwa, leɓe a fashe. Tun daga gangare ya ji kukan ya san an riga shi. Ya zo mashigin katangar dutse zai sa ƙafa, ta fito daga ɗaki. Ba ta ɗaga murya ba.

"Tsaya nan."

"Mme, na yi gudu in riga takardar."

"Ka sa jikata ta faɗa mini mutuwar ɗana a bakin inji, ina tsaye kamar jaka. Kai da na raba masa nono da kai. Ƙafarka kada ta ƙetare katangar nan."

Ta ajiye masa takardar a kan katanga, ta ɗora dutse a kai, ta koma ciki.

Abin da zai ba ku mamaki, maganarsa ta fito. Sunayen nan suka tayar da ƙura har jaridun ƙetare suka ɗauka. Akwati goma sha bakwai aka sauke a jirgi, abin da ba mu taɓa gani ba. A Mafeteng mutane na tare shi a titi suna girgiza masa hannu. A garinmu kuwa, ranar binne Tefo, kun san maza na zuba ƙasa ne bi da bi bisa girma a dangi. Mijin Matefo ya riga ya rasu, saboda haka bayan ɗan mamacin, Khoase, yaro ɗan shekara tara, Lebusa ne ke bi. Mai kiran suna ya tsallake shi. Shebur ya wuce ta gabansa zuwa hannun wani ƙanen kakanni, shi yana tsaye da hannu a buɗe.

Daga nan fa zirga-zirga ta ƙaru. Duk ƙarshen wata sai ga shi, mota, doki, ƙafa. Ya tsaya a bayan katanga ya yi gaisuwa. Tana niƙa a tsakar gida ba ta ɗagowa. Ya ajiye sukari da ganyen shayi a kan katanga, su kwana uku a nan har yaran maƙwabta su kwashe. Ya turo dattawa. Ya turo fada na coci. Ya turo tunkiya, ta sa aka kora masa ita har kanti. Masu ba ta haƙuri suka ce ai don shi aka ga gawar Tefo. Ta ce ta sani, ta gode, gawa ta gani. Amma wanda ya ga idon yarinyar nan a kan dutse ya zo ya gaya mata da me za a wanke shi. Lineo kuwa tun ranar ba ta sake karatu a gaban mutane ba, ko a coci.

Wani lokaci sai ya tsaya yana ba katanga labari. An yi kaza a Maseru, za a ba mu mulkin kai, an kawo sabon inji. Yana magana yana taka gefen katangar daga wannan kusurwa zuwa waccan, har ciyawar wurin ta mutu ta zama 'yar hanya. Mu 'yan gari hanyar Lebusa muke ce mata.

A can ma bai zaunu ba. Ya bar Rantso ya tafi Maseru, wata bakwai ya dawo. Ya fara littafi na biyu ya yaga, ya sake farawa. Ya yi aure, matar ta ce ita kwat ta aura a jikin ƙusa, don kwat ɗin kaɗai take gani a ɗaki. Ya kafa wa kansa doka a takardar: sunan mamaci ba ya shiga sai mai garinsu ya aiko cewa an zaunar da iyalin an gaya musu. Wasu jaridu suka fito suna riga shi da mako biyu, uku. Rantso na ƙorafi wai sun zama masu sayar da tuwon jiya. Lebusa ya ce a bar shi ya kwana, ba ya kashe kowa.

Khoase ya girma. Gida ba namiji mai kawowa, gona kuma duk zaizaya ta cinye. Lebusa ya aiko a ba shi yaron ya koya masa aikin inji. Matefo ta ce jininta ba zai ci abincin takarda ba. Yana cika sha takwas ya je aka ƙwanƙwasa ƙirjinsa, aka ɗaura masa lamba. Ya aiko wa kakarsa bargo mai zanen masara, ya aiko wa uwarsa tukunyar ƙarfe. Watansa bakwai.

Wannan karon ba rami ne ya rufta ba. Dutse ɗaya ne ya ɓalle, mutum ɗaya ya samu. Abokin nan na ofishin bariki ya sake aikowa, 'yar takarda layi biyu. Ta iso ranar Alhamis da hantsi, ana tsakiyar jera shafi, gobe fita. Lebusa ya karanta, ya sa a aljihun ƙirji, ya ɗauki hularsa. Rantso ya ce ina zuwa, shafi biyu ba a duba ba. Ya ce gida. Rantso ya ce shekara nawa yana haƙuri da shi, in ya fita ranar bugu to ya tafi ke nan. Lebusa ya zare jan fensirin daga bayan kunne ya ajiye masa a kan tumbi, ya fita.

Ku duba fa. Duk dangin nan yanzu ba babban namiji sai shi. Ba wanda zai buɗe baki a gidan nan in ba shi ba. Gidan da aka ce ƙafarsa kada ta ƙetare.

A mota direba na ta jan sa da wasa, wai edita yau ba labari? Ya ce babu. A kanti aka tambaye shi lafiya a tsakiyar wata, ya ce iska ya zo sha. A gangaren gari ya yi kiciɓis da matar Tefo, uwar yaron, ta ɗauko itace. Ita takan amsa masa gaisuwa. Ta ce ko ya ji labarin Khoase, kwana biyu ba wasiƙa. Ya tambaye ta ya kaji, ya ce itacen nan ɗanye ne zai yi hayaƙi, ya wuce. Ya ce daga baya, a duk abin da ya taɓa yi a duniya ba wanda ya kai wucewar nan wuya.

Ya je wurin mai gari. Aka aika aka kira Lineo daga gidan mijinta a ƙauyen gaba, aka ce kakarta na son ganinta. Aka jira ta iso. Shi yana bayan gidan mai gari yana kai-komo, an ba shi kunu ya huce a hannunsa. Aka tara mu mata huɗu, don lokacin na fara shiga sahun manya. Muka shiga da 'yan dabarunmu, wannan aron rariya, waccan ciwon ƙafa. Muka zauna, biyu gefen Matefo, biyu gefen surukarta. Wata ta ja yara waje.

Matefo ta tsufa amma ba ta rikice ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta dubi Lineo da aka kira ba dalili. Ta ajiye tsintsiyar da take ɗaurewa. Ta ƙofar ɗaki ana hango mashigin katanga. Ga mai gari, ga dattawa biyu, ga Lebusa a gaba, hula a hannu. Ya zo daidai mashigin ya tsaya. Mai gari ya taɓa bayansa, bai motsa ba.

Sannan Matefo ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ku ce masa ya shigo. Ba a faɗa daga waje."

Ya shigo yana taka ƙasa kamar mai tsoron ta fashe. Ya sunkuya ya shiga ɗaki, ya durƙusa a gabanta. Ya fara yadda ake farawa, da sunayen kakanni, da cewa an aiko shi ne ba shi ya aiko kansa ba. Bai tsallake komai ba. Ya faɗi sunan yaron cikakke, da ranar, da yadda abin ya faru, da cewa bai daɗe yana shan wuya ba. Uwar ta kurma ihu muka riƙe ta. Lineo ta rungume kakarta ta baya. Matefo ta rufe ido, tana jijjiga kai a hankali. Da ta buɗe sai ta ce masa, wa ya sani ban da mu? Ya ce ba kowa, Mme, daga aljihuna sai kunnenki.

Shi ya je ƙetare ya ɗauko gawar. Shi ya tsaya kan yankan bijimi, shi ya yi magana a bakin kabari. Kada ku ce ta ce ta yafe, ban ji ba, ba kuma wanda ya ji. Aikin jarida kuwa ya tafi, Rantso ya ɗauki wani. Sauran shekarunsa gyaran littattafan makaranta ya yi a Maseru, shi ne kuke ganin sunansa.

Washegarin binnewa, aka tara dangi a tsakar gida don aski da ɗaura baƙin ƙyalle a wuya, wanda 'yan gida kaɗai ke ɗaurawa. Ana yi wa kowa, shi yana can gefe kusa da turken awaki yana murza hula, bai san ko da shi ba. Matefo ta karɓi ƙyalle ɗaya daga hannun mai rabawa, ta dogara sanda ta taka har inda yake. Ta ɗaga hannu ba ta kai ba.

Ta ce, "Sunkuyo mana. Ka bi ka yi tsawo kamar ba ni na goya ka ba."

Ya sunkuyo. Yatsunta sun ƙage da sanyin ƙashi, ƙullin ya ƙi ƙulluwa, ta kwance ta sake har sau uku. Shi kuwa yana nan a sunkuye, wuya a miƙe, har ta gama.